Rabin Aski

Tun da aka sallamo shi daga asibiti, wani mai aski ya lura abubuwa sun fara ɓacewa a gidansa. Ya ajiye tabarau a kan tebur, ya waiwayo, babu. Likita ya ce shanyewar ɓarin jikin da ta same shi ba mai tsanani ba ce, ga shi ƙafa ta taka, hannu ya dawo, baki ya miƙe. To, in dai ya warke, me ya sa ƙaninsa, wanda suke shago tare, kullum sai ya ce, "Yaya, ƙara hutawa tukuna"?

Ana cikin haka babbar 'yarsa ta shigo da kwamfuta a jaka, ta ce daga asibiti aka sa mata wani atisaye a ciki, na horar da ido da hankali. Ta ɗora masa a kan tebur. Allon ya cika da ƙananan hotuna, kifi da makulli da tauraro, a warwatse. Aikinsa kawai ya taɓa kowane kifi.

Ya taɓa su tsaf, ya jingina. "Na gama."

"Baba, akwai saura. Bi yatsana."

Ta ja yatsa zuwa gefen hagu na allon. Ya bi shi da kai, sai ga kifaye birjik.

"Waɗannan yanzu suka fito."

"Tun farko suna nan."

"Me kika danna?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Atisaye na biyu ya fi ba shi haushi. Akwatuna ne ke haskawa ɗaya bayan ɗaya, sai ya taɓa su bi da bi yadda suka haska. Duk sanda ya gama, na'urar ta ce ya tsallake wasu. Ya sa 'yar ta mayar da hannuwanta baya. Washegari ya kore ta daga ɗakin gaba ɗaya. Sakamakon bai canza ba, don haka ya yanke a ransa cewa tun daga waje aka shiryo abin.

Abin da ya ƙara ɗaure masa kai, wata rana ya ji ta a tsakar gida tana waya da ƙanin nasa, murya ƙasa-ƙasa. "A'a, Baffa, har yau da saura." Ashe sakamakon ma yawo yake yi. Ya zauna ya haɗa lissafinsa: shago yana kan babbar hanya, kujeru sababbi, ƙanin yana da surukin da ba shi da aikin yi. Hujja suke tarawa, su ce tsoho ya ruɗe, su zaunar da shi a gida.

Da safe ya sa rigar aikinsa ya fita bai gaya wa kowa ba. A ƙofar shagon kafaɗarsa ta hagu ta bugi bango, ya yi tsaki, ya ce har ƙofar ma sun matse ta.

"Yaya, ka fito?" ƙanin ya ce, injin aski a hannunsa.

"Na fito. Ko da magana?"

A kan benci akwai wani tsohon direba, abokinsa tun suna samari, yana jiran layi. Mai askin ya karkaɗe kujera ya ce masa, "Taso, ni zan yi maka."

Ƙanin ya buɗe baki, direban ya ɗaga masa hannu. "Ƙyale shi. Kan nan ya san hannunsa fiye da na matata."

Ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna inji. Hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan. Ya kwashe gashi, ya gyara ƙeya, ya fitar da layin goshi kamar an ja da zare. Ya kashe inji, ya kwance ƙyallen, sannan ya dubi ƙaninsa cikin madubi don ya ga yadda zai ji kunya. Amma ƙanin ƙasa yake kallo.

Direban ya juya kai dama, ya juya hagu. "Aiki ya yi kyau," ya ce. "Ɗaya gefen kuma sai mako mai zuwa?"

"Kai ma sun saye ka?"

Direban ya kamo hannun abokinsa, ya ɗora a saman kunnensa na hagu. Gashi ne cunkus, mai furfura, inji bai taɓa shi ba. Mai askin ya daɗe yana shafawa. A hankali ya juya kujerar har gefen ya dawo damarsa, ya sake kunna inji, ya ƙarasa.

Da ya koma gida ya tarar da 'yar ta fita nemansa har sau biyu. Ya ce ta kai shi wurin likitan, da kunnensa yake son ji. Likitan ya ce idonsa lafiya lau, ƙwaƙwalwa ce ta daina kula da abin da ke hagu, kuma ya faɗa masa haka ranar sallama. Mai askin ya ce shi bai tuna ba. Ya tambaya su wa da wa ke ganin sakamakonsa, ya kuma kafa sharaɗi: duk mai son sani ya tambaye shi kai tsaye.

Ya koma ga atisayen ba don yana sonsa ba, yana koyon juya kai har ƙarshen allo kafin ya ce ya gama. Sauƙin ya zo a hankali, kuma bai zo duka ba. Bayan 'yan watanni ya koma shago, shi ke riƙe inji, reza kuwa ya bar wa ƙaninsa. Sai dai ranar da surukin ƙanin, marar aikin nan, ya leƙo gaisuwa, mai askin ya amsa a tsaye, ya raka shi har bakin titi, bai ba shi wurin zama ba.