Sati Ɗayan da Cleon Ya Ba Ni

Ranar da ƙanena Cleon ya iso daga Atlanta, ko jakarsa bai ajiye ba ya miƙo mini hannu. "Kawo mukullan gidan, Yaya. Ki kama hanya. Kada in sake ganinki sai Lahadi ta sama."

Tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, a shekarar da Mama ta rasu, ban ƙara kwana a wajen gidanmu na Tuscaloosa ba. Na ajiye aikina a ɗakin girkin makarantar firamare, na koma ɗakin da na yi ƙuruciya, bango ɗaya da nasa. Ni ke yi masa wanka, ni ke juya shi, ni ke niƙa masa abinci don kada ya ƙware. Cleon kuwa sai dai ya bugo waya ran Lahadi bayan an tashi daga coci, ya tambayi jikin tsoho, ya ɗora da shawarwari. Abin a-zo-a-gani da ya taɓa yi mana shi ne kyamarar da ya kafa a saman ƙofar ɗakin Baba, wadda ke nuno mini shi a wayata in na fita karɓo magani.

Na fara zayyana masa yadda ake komai, ya katse ni. "'Ya'ya uku na raina, Vernell. Tsoho ɗaya ba zai gagare ni ba."

Na shiga na yi wa Baba sallama. Tun ciwon, maganarsa ta koma kamar ta mai ruwa a baki, ni kaɗai nake gane ta duka. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙofa. "Je ki," ya ce.

Na daɗe ina tsara tafiyar nan a raina. In tuƙa motata zuwa Memphis, in kwana, in hau jirgin ƙasa zuwa New Orleans, in ji kiɗa har kunnena ya ƙoshi, babu mai kiran sunana. Amma tun ban tsallaka cikin jihar Mississippi ba na tsaya a gidan mai har sau biyu, ba don mai ba, don in leƙa waya.

Da almuru, bayan na isa Memphis, na shiga wani gidan rawa a titin Beale, saboda kiɗan da ke fitowa ta ƙofarsa irin wanda Mama ke sawa ne ran Asabar tana guga. Wani dattijo mai jar malafa na sa jita kuka. Na sami teburi a lungu, na sa aka kawo mini gasasshen haƙarƙari da burodin masara, sannan na jingina wayar jikin kwalbar yaji. Na ce wa kaina leƙe ɗaya ne kawai.

Baba na kwance. Cleon ya ajiye masa kofin ruwa a dama, ɓangaren da ba ya motsi. Ina kallonsa yana kallon kofin. Na danna kira.

"Cleon, a hagu ake ajiye kofin nan."

"Wane kofi? Tsaya, ba kiɗa nake ji ba? Kina ina?"

"Ka mayar da shi hagu, na ce."

"Au, kallonmu kike yi? Ikon Allah! Mace ta yi tafiyar rabin wuni don ta zauna a mashaya tana gadin kofi."

Ya mayar da shi, ya ɗago kai ya yi wa kyamarar gwalo. Bayan kofi sai matashi, bayan matashi sai bargo. Yarinyar da ke raba abinci ta zo ta tsaya a kaina. "'Yar'uwa, namanki ya huce. A ɗumama miki?" Na ce ta bar shi. Wani mutum ya zo ya roƙi rawa, na girgiza kai ba tare da na ga fuskarsa ba. Sai da na ga ana kifa kujeru a kan tebura na gane makaɗan sun daɗe da tashi. A otal kuma na farka a lokacin da na saba juya Baba, na tsinci kaina tsaye a tsakiyar ɗakin da ban sani ba, ina lalube bango.

Da sassafe na bar motar a tasha na hau jirgi. Abokiyar zamana wata tsohuwa ce 'yar New Orleans, Mis Earline Batiste, tana komawa gida daga wajen jikarta da ta haihu. Kafin mu kai Greenwood na san nauyin jaririn da halin surukanta. Gonakin auduga suka yi ta wucewa ta taga, ni idona na kan wayar da ke cinyata.

"Miji ko uba?" ta tambaya.

"Uba."

Ta gyaɗa kai kawai, ta koma kan saƙarta.

Bayan mun wuce Hammond, inda ƙasa ke ƙarewa fadama ta fara, na sake dubawa. Gadon Baba wayam. An yaye bargo, keken guragun da ke zama a gefen taga babu shi. Ina ƙoƙarin kiran Cleon jirgin ya rage gudu, ya ja numfashi, ya tsaya cak. Sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Aka sanar cewa wani jirgin kaya ya lalace a gabanmu, sai an janye shi.

Dama ruwa, hagu ruwa, baƙi ƙirin, da itatuwa tsaye a cikinsa har gwiwa. Tagogin ba sa buɗuwa. Na tashi na bi taragu ɗaya bayan ɗaya, waya a sama kamar mai neman tabarruki, har na ƙure jirgin na dawo. Baba bai taɓa barin gadon nan da rana tsaka ba sai in asibiti za mu. A raina na ga ya ƙware, na ga ya zame daga hannun Cleon a banɗaki, na ga motar asibiti a ƙofar gida. Na tare ma'aikacin jirgin na ce ya buɗe mini ƙofa.

"Madam, ki je ina? In kika sauka nan kadoji ne za su yi miki maraba."

"Mahaifina ne ba lafiya."

"Allah ya ba shi sauƙi. Amma ko uwata ce ta kira, ƙofar nan ba za ta buɗu ba."

Na koma kujerata. Iskar cikin taragon ta yi nauyi, wani jariri na tsala ihu a baya, wasu samari sun fara karta a kan akwati. Mis Earline ta buɗe jakarta ta ɓallo mini alewar da ta haɗa da kanta.

"Ci, 'yata. Ni mijina ne ya daɗe a kwance kafin Ubangiji ya kira shi. Kin san har yau ba na iya rufe ƙofar banɗaki in ina wanka? Kunnena na waje. Gidan kuma babu kowa sai ni da kyanwa."

"Yaushe yake sakin mutum?"

"Wa ya ce miki yana saki?" Ta ci gaba da saƙa.

Rana ta sauka cikin ruwan muna kallo. Sai da duhu ya fara shiga jirgin ya motsa, mutane suka yi tafi. Da sabis ya dawo na buɗe kyamarar, na tarar da baƙin allo. Na kira Cleon. Ya ɗauka cikin hayaniya da dariyar maza.

"Ina Baba?"

"Ga shi nan yana cin tarwaɗa. Na kai shi shagon aski wurin tsofaffin abokansa na masana'antar taya, daga nan suka ce sai mun biyo wajen soyayyen kifi. Ki ga yadda yake washe baki."

"Kifi? Mai ƙaya? Cleon, kana da hankali kuwa? Me ya sami kyamarar?"

"Shi ya ce in zare ta. Bari in ba ki shi."

Na ji numfashin Baba, na ji yana tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Nell. Daina... kallona. Na gaji... da ido."

Ban san abin da na amsa ba. Mis Earline ta juya fuskarta wajen taga, ta bar ni na yi kukana.

Da muka isa New Orleans a daren, ban fita ko'ina ba. Na kwanta a ɗakin otal da takalmina, kiɗa na shigowa ta ƙasan ƙofa, ina ta faɗa da Baba a zuci. Shekarun da na zuba, aikina, mutumin da ya gaji da jirana ya auri wata, duk a ce ido ne? Washegari na yi ta yawo a gari ba inda na nufa. Na ci shinkafa da jan wake a wani ƙaramin shago, na zauna a bakin kogi ina kallon jiragen ruwa. Hannuna na ta zuwa aljihu da kansa neman waya, ya dawo ba komai, tunda an zare kyamarar. Wajen la'asar na lura na yi kusan sa'a ban tuna da gida ba, sai tsoro ya kama ni kamar na bar tukunya a wuta.

Ina shirin fita da yamma Cleon ya kira. Muryar da ta yi mini dariyar kofi ta ƙanƙance.

"Yaya, yaushe za ki iya dawowa?"

"Yau fa Talata ce, Cleon."

"Na sani. Kifin nan ya ɓata masa ciki. Sau uku na canza zanen gado jiya, bayana ya riƙe. Yana magana ba na ganewa, in na ce ya maimaita sai ya jefe ni da cokali. Ga wurin aiki suna ta kira, matata Jonquil ma ta ce yaran..."

"Kai da ka raini 'ya'ya uku?"

"Don Allah kada ki yi mini haka." Na ji ya ja hanci. "Ba zan iya ba, Yaya. Ban san haka abin yake ba."

Na so in ji daɗi, ban ji ba. Na gaya masa jirgin yau ya riga ya tashi, na gaba sai gobe da rana, motata kuma tana Memphis. Ko ya yi kuka ko ya yi birgima, ba zan iso ba sai safiyar Alhamis. Na koya masa yadda zai naɗe zane a ƙarƙashin Baba ya ja, maimakon ya ɗaga shi da baya. Na ce ya dafa masa shinkafa ta yi laushi sosai.

Na ajiye wayar na zauna a bakin gado. Babu jirgi, babu mota, babu abin kallo. Ko duniya za ta tashi, daren nan ba ni da hanyar isa ga kowa. Na sa jar rigar da na saya tun bara ban taɓa sawa ba, na bar wayar a kan matashi.

A titin Frenchmen na bi ƙarar kakaki zuwa wani ɗaki da ya cika maƙil, zufa na ɗiga daga silin. Matasa ne ke busa, wani ƙato ya naɗe kansa cikin ƙaton ƙaho kamar wanda mesa ta kama. Ban sami wurin zama ba. Wani mai furfura da farar riga ya matso ya ce sunansa Alcide, direban bas ne da ya yi ritaya, kuma likita ya hana shi rawa, don haka yana neman wadda za ta taya shi saɓa wa likita.

"Na manta yadda ake yi," na ce.

"Ƙafa ba ta mantuwa, madam. Kai ne mai mantuwa."

Muka shiga fili. Da farko jikina kamar itace, daga baya ƙugu ya tuna abinsa. Ana cikin waƙa ta biyu ya fashe da dariya.

"Madam, ba faɗuwa zan yi ba fa."

Na duba. Ashe na zura hannuna ƙarƙashin hammatarsa, na tokare gwiwarsa da tawa, na riƙe shi kamar zan sauke shi daga gado. Kunya ta rufe ni. Na faɗa masa dalili a kunne, saboda ƙarar kiɗa. Ya kama hannun ya ɗora a kafaɗarsa. Sau biyu yana zamewa ya koma inda ya saba, sau biyu yana mayar da shi. Mun yi rawa har takalmi ya yi mini kanta. Ya tambayi ko zan dawo gobe. Na ce gobe ina hanya.

Jirgin komawa bai tsaya a fadama ba. Na kwana a Memphis, na kama tuƙi tun da asuba. Da na shigo layinmu na hangi motar Cleon a waje, jakarsa har ta shiga bayan motar. Ya rungume ni yana kallon ƙasa, ya ce zai riƙa zuwa duk wata, ya ce zai nemo mai taimako. Na ce to. Kafin in kai ƙofa ya tayar da mota.

Ɗakin na wari duk da ya buɗe taga. Baba na kwance da sabon aski, ya rame kaɗan. Muka kalli juna, babu wanda ya tayar da zancen wayar.

"Kin yi... rawa?"

"Na yi."

"Da... wa?"

"Ina ruwanka, tsoho?"

Rabin bakinsa mai motsi ya yi dariya, har ta koma tari. Na jira ya lafa, na goge masa haɓa. Sannan na tattara zannuwan da Cleon ya jibge a bayan ƙofa, na tsallake akwatina da ke tsakiyar hanya, na je na kunna injin wanki.