Rigar da Tela Ya Ɗinka wa Motarsa

"To mun gama magana," in ji Tela, ya miƙa hannu. "In tsinken agogon nan naka ya taɓa jan layi kafin mu kai saman tudu, in sauka in ba ka makulli, kai za ka shiga da mu sabon layi. In bai taɓa ba, ka kwance min shi daga mota, kuma ka daina yi min wa'azin baƙin mai a gaban yayarka."

Bakanike, ƙanin matarsa, ya goge hannu a wando sannan ya kama. "Na yarda, Yaya. Amma in na ce ka rage giya, ka rage."

"Wannan ba ya ciki. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motar nan, tun kai kana wankin sifana a garejin mutane."

Matar Tela tana bakin ƙofa da jaka a hannu. "Ni ce shaida," ta ce. "Wanda ya faɗi kada ya zo min da kumburin fuska."

Abin da ya kawo cinikin kuwa, Tela ne zai tashi daga tsohon shagonsa na ƙasan gari ya koma wani layi a can saman tudu, cikin masu sayar da yadi. Wata guda yana tsara yadda zai shiga layin nan: shi ne a kan sitiyari, gwiwar hannu a taga, kayan aikinsa na biye da shi a baya, kowa ya leƙo ya ga sabon maƙwabci ba ɗan koyo ba ne. Ya aro 'yar tirela ya ɗaura wa tsohuwar motarsa mai shan dizal, ya lafta mata kekunan ɗinki uku, teburin yanka, janareto, dogon madubi da buhunan ƙyalle. Da Bakanike ya ga kayan, sai ya zo ya ɗaura agogon auna zafin baƙin mai kusa da sitiyari, ba tare da an roƙe shi ba. Ya ce agogon ruwa da motar ta zo da shi ba ya magana sai bayan aikin gama ya gama.

Shi Tela mutum ne da ba ya iya ganin abu tsirara. Kujerun motar da rigarsu, sitiyari da rigarsa, kan giya ma da 'yar hularsa mai tunti. A gida rediyo da fanka duk sun samu. Matarsa takan ce shi ya sa ba ta daɗewa zaune wuri ɗaya, kada ta farka ta ga an auna ta.

Suka kama hanya da hantsi, ita a baya, ƙaninta a gaba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tsinken ya tsaya kan casa'in ya ƙi motsi.

"Likita, marar lafiyarka fa barci yake," in ji Tela. "Ko mu tsaya ka yi masa allura?"

"Ba mu fara ba, Yaya."

Da suka fara hawa, motar ta canja murya. Tela ya bar ta a giya ta huɗu, ya danna totur har ƙasa, don a ganinsa rage giya da wuri aikin matsorata ne. Injin ya shiga gurnani, baƙin hayaƙi ya tashi a baya, tirelar na janyo su kamar mai cewa a dawo gida. Tsinken ya wuce ɗari. Ya kama hanyar ɗari da goma.

"Dubi na ruwa," Tela ya nuna da haɓa. "Ko gezau."

"Ruwa yana da fanka da ƙaton lagireto suna yi masa fifita. Shi baƙin mai yana can ciki inda ake dambe. In ya yi zafi tsinkewa yake kamar ruwan shayi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Rage giya, injin ya samu numfashi."

"Ka ji ko? Wa'azi."

Tela ya cire hularsa ya kifa a kan agogon. Matarsa ta miƙo hannu daga baya ta ɗauke ta. "Ba a rufe wa shaida ido," ta ce.

Saman tudun ga shi can, ana hango allon talla na bakin layin. Tela ya soma lallashin motar a zuci, yana tuna mata sabbin tayoyin da ya saya mata bara. Motar ba ta da kunya. Wani wari kamar na man suya da ya ƙone ya shigo ta taga, tsinken ya hau kan ja ya zauna daram.

Tela ya gangara gefen hanya, ya ja birkin hannu, ya kai hannu zai kashe.

"Kada ka kashe!" Bakanike ya riƙe masa hannu. "Bar ta a sulo, man ya zagaya ya huce. In ka kashe yanzu zafin a ciki zai kwanta."

Ya fita ya sa wa tayar tirela dutse, ya buɗe bonet, ya tsaya yana susar kai. Ya ci ciniki, amma fuskarsa ba ta nuna ba. "Kaya da nauyi, giya ba daidai ba, na sani. Duk da haka bai kamata ya hau da sauri haka ba." Ya durƙusa a gaban motar, ya shafa ragar shan iska ta ƙasa, sai ya tsaya. Ya sake shafawa. "Yaya, mene ne wannan?"

Tela ya kalli sama. "Wanne?"

"Wannan mai laushin."

Ragar ƙasa ta daɗe da fashewa, kamar bakin da ya rasa haƙora biyu. Jiya da yamma Tela ya dube ta ya ga ba zai shiga sabon layi da wannan giɓi ba. Ya samo baƙin yadi mai kauri, irin na jakar makaranta, ya ninka biyu, ya kalmashe baki, ya fasa ƙofofin igiya guda takwas, ya ɗaure ta ciki. Rigar ta zauna kamar daga kamfani.

"Nan fa ɗan ƙaramin lagireton da ke sanyaya baƙin mai yake shan iska," in ji Bakanike, yana kwance igiya. "Ka ɗaura mata kaya, ka sa ta hawa tudu, sannan ka toshe mata hanci." Ya ɗaga ƙyallen yana juyawa. "Amma wallahi ɗinki ya yi kyau. Sau biyu na zagaya motar nan da safe ban gani ba."

"Ai shafi biyu na yi masa," in ji Tela, kafin ya tuna ba yabo ake ba.

Matarsa ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙofar mota.

Da tsinken ya sauko, Tela ya miƙa makulli ba tare da ya dubi kowa ba. Ya ce shi ba zai zauna a gaba yana kallon wani na taɓa masa giya ba, ya buɗe baya ya zauna kusa da matarsa, ya gyara hula, ya haɗe rai. Bakanike ya sa giya ta biyu, motar ta hau a hankali, tsinken ko ɗari da biyar bai wuce ba.

Suna shiga layin, masu shaguna suka leƙo kamar yadda Tela ya yi ta hasashe. Wani dattijo mai sayar da yadi ya taso da sauri, ya wuce Bakanike da rigarsa mai tabon mai, ya buɗe ƙofar baya.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe. Kai ne sabon telan? Madalla." Ya juya gaba. "Direba, ɗan ƙara ja gaba, ka tare wa maigida ƙofar shago."

Bakanike ya buɗe baki. Tela ya riga shi. Ya fito a hankali, ya kaɗe riga, fuskar nan ta washe.

"Ka ji abin da aka ce," ya ce. "Kuma a sauke madubin da kula."

In za a faɗi gaskiya, motar ta tsira da injinta, kuma agogon yana nan daram kusa da sitiyari, har ya samu 'yar rigarsa mai buɗaɗɗen gaba. Matar Tela ta samu abin ɗaukar tukunya mai zafi mai shafi biyu, da labarin da take bayarwa duk inda dangi suka taru. Tela ya faɗi ciniki, amma a layin nan ana ganinsa mutum mai direba. Bakanike kuwa ya ci, gaskiyarsa ta fito, sai dai duk ranar da ya hau tudun nan gaida yayarsa a shago, tun daga bakin layi ake ɗaga masa hannu ana tambayarsa ina ya baro maigida.