Ƙofar Lorin Hajiya Suwaibatu

Shekarar da aka yi canjin hannu, wato da gwamnati ta ce kowace mota ta bar bin hagu ta koma dama, a nan Mairuwa akwai wata Hajiya Suwaibatu mai man gyaɗa. Mijinta ya rasu, Allah Ya jiƙan shi, ya bar mata lori mai bodin katako, kuma lorin nan ita ke ciyar da gidan. Ranar kasuwar Ƙanƙara tana can, ranar Sabuwa tana can, ta kwashi mata da buhunan dawa da awaki, kowa bisa kowa.

Direban kuwa ɗanta ne na fari, Lawwali. To, kun dai san yadda muke da ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunan shi ba, ba ta taɓa tsayawa gaban shi ta ce yi kaza ko bar kaza ba. In ya shigo ta zaure, ita ta faɗa ɗaki. In ta rasa yadda za ta yi, sai ta ce "wancan yaron", alhali wancan yaron yana da mata da ɗiya da ƙasumba har kunne.

Hajiya ba ta yi boko ba, amma ba ta wasa da rediyo. Tana matsar tunkuza, rediyon na bisa turmi yana ta bayanin sabuwar doka. Mutane duk hankalinsu na kan direbobi, wai kada su manta su yi karo. Ita kuwa abin da ya faɗo mata a rai daban ne. Ƙofar da fasinja ke sauka a lorinta tana gefen hagu, da ɗan tsaninta. Da can in an tsaya, mata su sauka bakin hanya lafiya lau. Yanzu in an tsaya dama, ƙofar nan tsakiyar titi za ta riƙa zubar da mutane. Ga shi kuɗin fetur sun fara shigowa, titi ya cika da tifofin 'yan kwangila da tankokin mai, kowa gudu kamar an biyo shi.

"Innalillahi," in ji ta. "Ran mutum guda in ya tafi a motata, mi zan ce wa Allah? Mi zan ce wa alƙali?"

Maganin abin ba wuya. A kai lori Funtuwa, kafinta ya toshe ƙofar hagu ya buɗe ta dama. Wuyar ita ce wa zai faɗa wa direba.

Sai ta nufi ɗakin Dada, uwar mijinta, tsohuwa tukuf, wadda ita kaɗai ke iya faɗa wa Lawwali kome. Ta yi mata bayani dalla-dalla. Da ya dawo da la'asar, Dada ta tare shi tsakar gida.

"Kai, mijin banza, zo nan."

"Ga ni, amarya. Yau ma goron ne ya ƙare?"

"Uwarka ta ce ka kai lori Funtuwa a maido ƙofa dama."

"Dada, ke da kike sa takalmin hagu a ƙafar dama, yau ke ce injiniya?"

"Ubanka ne ke sa takalmi a karkace!"

Ta bi shi da ludayi, ya zagaya rumbu yana dariya, ya jefa mata goro ɗaya fari a cinya, magana ta mutu. Da Hajiya ta tambaye ta yadda suka yi, sai ta ce, "Na faɗa mashi."

"Mi ya ce?"

"Ya ce in na mutu shi zai gaji bargona."

Nan Hajiya ta gane ta yi kuskuren ɗan aike. Kaka da jika, ko wuta ta ce mashi ta kama, zai ce wasa ne.

Kada ku ce Lawwali bai gane ba. Ya gane sarai. Shi dai ba ya son lori ta yi zaman gareji kasuwa na ci, abokan shi na tasha su kwashe mashi fasinja. Duk wanda ya yi mashi zancen ƙofa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mai mota ta ce mani? Ran da ta ce mani da bakinta, zan yi." Ya san ba za ta iya ba, ja'irin.

Sai ta sake dabara. Wata safiya yana bakin rijiya yana wanke fuska, ta fito da dusa ta tsaya gaban akuyarta, ta ba shi baya.

"Ke akuya," ta ce da ƙarfi, "wasu mutane dai ba su jin tsoron Allah. Doka ta canza, ƙofa ba ta canza ba. Ran da aka take ɗiyar mutane, ba direba kaɗai za a ɗaure ba."

Lawwali ya goge fuska da bakin riga, shi ma ya dubi akuyar da ladabi.

"Akuya, ki ce wasu mutane sun ji. In damina ta faɗi, hanya ta lalace, kasuwa ta yi sanyi, sai a duba."

Akuya ta ci dusarta. Lori ta fita yadda ta saba.

Da abin ya ishe ta, ranar kasuwar Ƙanƙara ta yafa mayafi, ta sa aka ɗora mata garewanin mai, ta hau baya ta zauna dab da ƙofa. Niyyarta ita za ta riƙa leƙa hanya kafin kowa ya sauka. Kusa da ita akwai Tabita, wata mai daddawa daga Tafoki, tsohuwar abokiyar cinikinta, mace mai gaggawa kamar ta bar tuwo bisa wuta.

Suna isa bakin kasuwa, Lawwali ya tsaya dama tsaf, yadda doka ta ce. Kafin Hajiya ta gama gyara mayafi, Tabita ta tsallake garewani, ta dira tsani da ƙwarya bisa kai. Sai ga tifa ta taho da yashi, oda kamar tashin duniya. Hajiya ta cafko zanen Tabita ta baya ta fizgo ta, suka zube tare cikin awaki. Ƙwarya kuwa ta tafi. Tifa ta bi ta kan daddawar nan ta shimfiɗa ta bisa titi, wari ya tashi har rumfar mahauta.

"Yesu!" in ji Tabita.

"La'ilaha illallahu!" in ji Hajiya.

Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Kan ka ce mi, kasuwa ta taru, ga wani sajan na 'yan sanda ya ratso mutane yana toshe hanci.

"Wa ke da motar nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Hajiya, motarki na sauke mutane tsakiyar titi. Yau da matar nan ta mutu, da ke da direba za ku kwana a hannunmu. Yanzu ma sai in kai motar caji ofis ta zauna can. Kin taɓa hana shi?"

"Na aika mashi."

"Wa kika aika?"

"Kakar shi." Ta sunkuyar da kai. "Da akuya."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Sajan ya cije leɓe.

"To, ya sunan direban naki?"

Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Wancan yaron ne."

"Wane yaron? Ni ƙato nake gani."

Tabita ta matso tana kakkaɓe zane. "Sajan, ɗanta ne na fari. Bari ni in faɗa maka."

"A'a, Baba, ba ke ce mai mota ba. Ni ma ɗan fari ne, na san abin. Amma wanda ba ya iya kiran direban shi ya tsawata mashi, ba zan bar mashi mota bisa hanya ba. Ta zauna wurinmu har a samu mai iyawa."

Hajiya ta dubi lorin da ke ciyar da marayunta. Ta dubi daddawar da ke manne a titi, daidai inda ƙafar Tabita ta taka. Ta yi bisimilla a zuci, ta saki mayafin.

"Lawwali!"

Wallahi sai da ya waiga baya, ya ɗauka wani ake kira. Da ya gane daga bakin da sunan ya fito, sai ya durƙusa.

"Na'am, Hajiya."

"Yau ɗin nan, ba gobe ba, motar nan za ta Funtuwa ba fasinja ko ɗaya. A toshe ƙofar nan a buɗe ta dama. Kuma tayar baya ta cinye ta yi sumul kamar tafin hannu, ka ɗauka ban gani ba? Kuma awaki da mata ba su ƙara zama wuri guda. Kuma duk abin da rediyo ya faɗa na doka, in ban ji ba ka zo ka faɗa mani, in ka riga ni ji ka yi shiru, ka ajiye makulli."

Bakin da ya daɗe a rufe, da ya buɗe sai da sajan ya ce, "Hajiya, ya isa haka, ku tafi kafin kafinta ya tashi."

Ta sauke wa Tabita garwar mai guda a madadin daddawarta, ta roƙi matan su yi haƙuri su nemi wata motar komawa. Sannan ta zagaya ta buɗe gaba, inda ba ta taɓa zama ba, ta hau ta zauna kusa da ɗanta. Kunya ta dawo mata sabuwa, ta juya fuska waje tana jan carbi. Shi kuma gumi kawai yake yi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Can wani mai keke ya wuce su yana waigen su. Hajiya ba ta juyo ba, ta ce wa taga, "An ce a bi doka, ba a ce a kwana a hanya ba. A ɗan taka."