Dankalin Yaya Tanimu

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, har yanzu bai sake ni ba.

Na gan ni a gonarmu ta dankalin turawa, tsaye gaban kunya ta ƙarshe, wadda yayana Tanimu ya shuka da hannunsa kafin ya rasu farkon daminar nan. Ganyenta ya yi rawaya ya yi yaushi, kamar dai yadda yake a farke. Sai dai rana tana cikin rijiya, ruwan sama kuma daga ƙasa yake tsirowa, ya jiƙa mini ƙafar wando sannan ya wuce sama.

Na naɗe kunyar kamar tabarma, na saɓa a kafaɗa, na tare acaɓa. Mai babur ɗin ya ce tunda mara lafiya na ɗauko, ni zan tuƙa, shi ya hau baya.

Sai ga ni a asibitin shuke-shuke. Wata tsohuwar rama tana kwance a benci an ɗaura mata ruwa. Masara biyu suna gardamar wadda ta riga zuwa. Likitar hawainiya ce, sanye da farar riga wadda ta ƙi zama fara.

"Shimfiɗa shi nan," in ji ta, ido ɗaya a kaina, ɗaya a kan dankalin. "Ko yunwa ce?"

"Na ba shi takin zamani, na ba shi kashin kaji."

"Ruwa ya kwanta masa?"

"Na yi wa ruwa hanya."

"Ƙwari fa?"

"Na yi feshi har maƙwabta suna tari."

"Ba kai ne Isuhu ba? Wanda ya bar makaranta, ya bar kanikanci, ya bar ɗinki?"

Na ce ni ne.

"Amma wannan ka kasa bari," ta ce.

Ta yanko karan dankalin guda daga gindi, ta tsoma bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau. Ta ce mu jira. Idan ruwan ya zauna yadda yake, akwai magani. Idan wani farin abu ya zubo daga karan, cutar tana cikin jijiya, sai a tumɓuke kunyar duka a ƙone, kafin ta kama sauran gonar da za mu ci ni da Inna.

Muka jira har gemu ya fito wa masarar nan. Sannan farin abin ya fara zubowa, siriri kamar zare, ya taru a gindin kofin. Na sunkuya na duba. Yaya Tanimu ne zaune a ciki, bai fi babban yatsa ba, ya naɗe hannun riga yana wanke ƙafa.

"Kai, ragon gidanmu," ya ce. "Har asibiti?"

"Yaya, ba ka jin sanyi?"

"Bar zancen sanyi. Je ka cire su."

"Kai ka shuka su."

"To sai me? Na shuka don a ci ne, ba don ka riƙa zuwa gaisuwa safe da yamma ba."

"Idan na cire, me zai rage wanda hannunka ya taɓa?"

Ya yi dariya, ƙananan kumfa suka taso saman ruwan.

"Kunnenka mana. Sau nawa na ja shi?"

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa. Na sa yatsa don in ɗauko shi, hawainiya ta buge mini hannu, ta ce lokacin duba marasa lafiya ya ƙare. Ta ɗauki kofin ta tafi da shi da irin tafiyarta, taku ɗaya gaba, tsayawa, taku ɗaya. A hankali take tafiya, amma na yi ta gudu ban cim mata ba.

Sai ga ni a gona kuma. Sauran kunyoyin sun tattare koren ganyensu sama kamar mata za su tsallake rafi, suna ja da baya daga ta Yaya. Na durƙusa na fara tumɓukewa. Duk wanda na cire sai ya ce mini "Sannu da aiki," cikin ladabi, ya je ya kwanta a gefe. Na ƙarshen ne ya turje. Na ja, saiwarsa ta yi ta fitowa kamar igiyar guga, da ɗumi, da nauyi, kamar akwai wanda ya riƙe ɗaya bakin a can ƙasa. Na ce, "Yaya, ai kai ka ce." Sai na ji an saki.

Ƙarar injin niƙan maƙwabta ce ta tashe ni. Gari ya waye, hannuwana biyu a dunƙule. Inna ta ɗaga labule ta leƙo.

"Isuhu, yau ma gonar za ka?"

Na ce e.

"In ɗauko maka ragowar takin?"

"A'a, Inna. Ashana za ki ba ni."