Rigar Na Goma Sha Biyar

Ta yayyafa ruwa a wuyan rigar ta ɗora dutsen guga, tururi ya taso ya bugi fuskarta. Shekara ashirin da biyu tana wanki da guga, ko maƙiyinta ba zai ce ta taɓa ƙona wa wani kaya ba. Rigar mijinta ce, wadda ke jikinsa ranar da benen da suke ginawa ya rufta, wata takwas da suka wuce.

Mutum goma sha huɗu kamfanin ginin ya lissafa a takardarsa ta waɗanda suka mutu. Mijinta ne na goma sha biyar, amma da yake leburan yini ne, irin waɗanda ake kwasa a bakin titi da safe a sallame su da yamma, ba kati ba sa hannu, sai suka ce ba su san da shi ba. Wani mai kwat ma cewa ya yi ƙila mai wucewa ne tsautsayi ya rutsa da shi. Sau shida tana zuwa ofishinsu. A na shidan, maigadi ya ba ta benci a waje, ta zauna har aka tashi aiki.

Sati uku da suka wuce wata mai zane ta zo har ɗakinta, siririyar mace mai tabarau da yawan ba da haƙuri. Ta ce tana tattara kayan mamatan ne, za ta baje su a wani zaure jama'a su zo su gani, kowane kaya da sunan mai shi a bango. Mai wankin ba ta gane yadda za a tara mutane su kalli tsofaffin takalma ba, amma maganar suna a bango ta shige ta. Ta jawo ledar da asibiti suka ba ta daga ƙarƙashin gado ta kwance. Mai zanen ta daɗe tana duban rigar, sannan ta cire tabarau ta share ido. Ta roƙe ta da ta kawo rigar ranar buɗewa yadda take, kar ko ɗigon ruwa ya taɓa ta.

Ta ce to, kuma har ga Allah to ɗin take nufi. Sai jiya da hantsi da ta shimfiɗa rigar a tabarma ta ƙare mata kallo. Siminti ya daskare a gaba, kafaɗa ta yage, jini ya bushe daga wuya ya gangaro baya. Ta tuno manyan mutane masu ƙanshin turare za su tsaya a kanta, wani ya tambaya me matar mamacin take yi, a ce masa wanki da guga. Mutumin da ko ta'aziyya ba ta taɓa barinsa ya je da riga a yamutse ba, shi za a kai gaban duniya a haka? Kunya ta kama ta, kunyar ta fi ƙarfin alkawari. Ta jiƙa rigar a ruwan sanyi da gishiri, ta cuɗa ta sau uku, ta ɗinke kafaɗar da ƙananan ɗinki, ta sa mata sitaci.

A cikin bas ta rungume ƙunshin a ƙirji don kar a matse shi, har kwandasta ya tsokane ta ko kayan amarya ne.

Zauren fari ne fat, da sanyi kamar asibiti. An jera kayan a bango da kan ƙananan dakali: hular kwano da ta lotsa, cokalin gini, butar roba, takalmi wari guda, wayar hannu da fuskarta ta tsattsage. Ƙarƙashin kowanne akwai suna. A ƙarshen layin wani dattijon kafinta yana tsaye da ƙusa a baki, gaban wani gurbi da ba a sa komai ba.

Mai zanen ta taho da saurinta tana yi mata sannu da zuwa, ta karɓi ƙunshin da hannu biyu ta buɗe. Ta juya rigar gaba da baya, ta kai ta wajen haske, ta sake juyawa.

"Mama, me kika yi?"

"Na ɗan gyara ta ne, 'yar nan. Mutane za su gani."

Mai zanen ta zauna a bakin dakali. A hankali ta yi mata bayanin abin da ba ta faɗa ba a baya don kar ta tayar mata da hankali. Mai zauren tsoron lauyoyin kamfanin yake yi. Ya ce sunaye sha huɗun da ke takarda kawai za a kafa, ita kuma ta yi ta fama da shi har ya yarda da na sha biyar, bisa sharaɗin sai ya ga rigar da idonsa, da simintinta da jininta. Ƙarfe huɗu zai zo. Wannan kuwa, ta ce, kowa zai iya sayo irinta a gwanjo.

Kamfani ya goge shi da biro, ita mai wankin ta ƙarasa da sabulu, da hannunta, tana ganin gata take yi masa.

Kafintan ne ya cire ƙusar daga baki ya ce, kamar mai magana da bango, akwai ragowar buhun siminti a bayan zauren. Mai zanen ta girgiza kai. Ta ce ƙarya ke nan, ita kuma gaskiya ta tara mutane su gani.

"Gaskiyar ta yi wata takwas a ƙarƙashin gadona," in ji mai wankin. "Wa ya zo ya duba ta? Malam, ara mini reza."

A bayan zauren, kusa da famfo, ta durƙusa a rana. Ta fara farke ɗinkinta ɗaya bayan ɗaya, ta ja bakin yagar da farce har zaren ya tashi. Ta kwaɓa siminti a murfin bokiti. Kafintan ya so ya watsa shi ko'ina, ta riƙe masa hannu. Ba haka mijinta yake ɓata riga ba. Da kafaɗar dama yake ɗaukar kaya, a gaban rigar wajen cikinsa yake goge hannu, sau biyu, daga sama zuwa ƙasa, gefen hagu kuma kullum ya fi tsabta. Shekara goma sha tara tana wanke wannan dattin, ta san mazaunin kowane tabo.

Da aka zo kan wuyan rigar sai ta tsaya. Mai zanen, wadda ta ce babu ruwanta, ta fito da akwatin fenti tana kuka, ta matso jan fenti a faranti.

"Ya yi ja da yawa," in ji mai wankin. "Jini in ya kwana ba ya zama haka. Ƙara ƙasa-ƙasa. Ƙara kaɗan."

Ta nuna da yatsa inda ya fara da inda ya gangara ya tsaya, mai zanen na bi da buroshi. Suka shanya rigar a kan katanga, su uku suna tsaye ba mai duban wani.

Huɗu da 'yan mintuna mai zauren ya iso, mutum mai tumbi da tattausar murya. Ya tsaya gaban rigar ya daɗe, har ya sa hankici a hanci. Sannan ya karanta katin da aka buga tun makon jiya, a fili don ta ji: wannan ita ce rigar da aka cire daga jikinsa, matarsa ta adana ta, ba wanda ya taɓa ta tun ranar.

"Haka ne, Mama?"

Ta mayar da hannayenta baya, inda siminti ke cin tsagun yatsunta.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya yi mata ta'aziyya, ya ɗaga wa kafintan kai. Bugu uku aka yi allon sunan ya zauna a bango. Da aka buɗe ƙofa jama'a suka fi taruwa a ƙarshen layin, suna ɗaukar hoto, wata mata ma har da hawaye. Mai wankin tana can baya jikin ginshiƙi, tana kallon sunan mijinta a ƙarƙashin rigar da babu sauran komai nasa a jikinta.