Askar Ɗanasabe

Kafin kowa a Tsiga ya san sunan kanjamau, Ɗanasabe wanzami ya riga ya gan ta a jikin ɗansa Sanda, direban tirela. Mutumin da agana ta bari da rai, sanƙarau ya bari, ba a koya masa kallon ciwo. Sau uku ya yi wa Sanda ƙaho, rama sai ƙaruwa, shi ne ya ɗauke shi zuwa wani asibiti a Funtua.

Likitan ya zare zare daga bakin rigar tsohon, ya lanƙwasa shi a kan tebur. Ya ce saƙon ƙwayar cutar kamar zaren nan yake, yana naɗe kansa, kuma yadda ya naɗu ke sa jikin mutum ya yi ta ƙera wasu ƙwayoyin. Ɗanasabe bai taɓa zama a aji ba, amma nan take ya gane, ya ce to a warware shi mana. Likita ya ce har yanzu ba wanda ya iya.

"A ina take ɓuya?"

"A jini, Baba. Ko wanda ya rage a bakin aska."

A mota ya yi ta tuna kawunan da ya tsaga da askarsa bayan ya yi wa Sanda ƙaho da ita. Ya kai mutum tara, ya daina.

Washegari sunan jaririn 'yarsa Shafa'atu. Da aka miƙo masa yaron, ya fito da sabuwar reza a takardarta. Gwaggo, yayarsa, ta leƙo daga zaure tana faɗa, wai askar ubansu ta aske kowa a gidan nan, ba za a fara da wannan ba. Maza suka soma gunaguni, wani ya ce tsufa ne, wani ya ce likita ya tsorata shi.

Ya aske jikansa tas, ya mayar wa uwarsa. Sannan ya buɗe zabira, ya ɗora tsohuwar askar a kan tabarma.

"Da ita na tsaga Sanda, kun kuma ga Sanda. Wanda ya ce ƙarya nake, ga wuri, ya cire hula ya zauna. Kyauta zan yi masa."