Ɗan Sarkin Ruwan Yekuwa a Gadar Ikko

Inusa ɗan Sarkin Ruwan Yekuwa ne. Ruwan da ubansa ke sarauta a kai kuwa tabki ne wanda jaki ke ƙetarewa da bazara bai jiƙa ciki ba, amma sarauta sarauta ce. Tabkin yana da doka ɗaya tun kaka da kakanni: muddin ruwa na cika, ba mai jefa ƙugiya, ba mai tsoma homa. Sai kaka ta wuce, ruwa ya janye ya bar laka, Sarkin Ruwa ya zuba fura a gaɓa ya ce an buɗe, sannan gari ya faɗa a kwashi tarwaɗa, daga baya a haƙo gaiwa cikin busasshen taɓo. Wanda ya saci kifi lokacin cikar ruwa, an ce ruwa zai karɓi fansa daga 'ya'yansa. Tun Inusa na yaro aka nuna masa gida biyu da hakan ta faru. Yaran da suka mutu a gidajen da ba a saci komai ba, su ba a nuna masa su ba.

Shekarar da kumandan Magariya ya ga ƙasa na bukatar hanyar mota zuwa Dungas, ko da yake motar ɗaya ce kuma tasa ce, an kwashi Inusa aikin dole sau biyu a damina guda. A na biyun wani gardi, ɗan sandan Faransa, ya tsula masa bulala a gaban surukinsa. Inusa ya hankaɗa shi cikin ramin da suke haƙa, gardi ya karye a hannu, kuma a lissafin Faransa hannun gardi ya fi mutumin Yekuwa tsada. Sai ya ɗauki matarsa Uwani, suka tsallaka ƙasar Ingilishi ta Ɓaɓura, suka faɗa Kano, jirgin ƙasa ya kai su Ikko. Can Mutari, wan Uwani, ke saro goro, kuma yana da ɗaki a zangon Hausawa wanda ba ya kwana ciki sai in ya zo daga arewa.

Uwani na da ciki wata huɗu, na fari bayan shekara shida da aure.

Inusa ya fara neman dako a tashar jiragen ruwa. Shugaban leburori ya saurari tarin da ya kwaso a aikin hanya, ya ce ya dawo in ya warke. Da Inusa ya ga ba sarki sai Allah, ya tuna ai shi ɗan gado ne a sha'anin kifi, ga shi kuma Allah ya kawo shi inda ruwa ba ya da iyaka. Ya sayar da rigarsa ta Juma'a, ya sayi zare da ƙugiya, ya nufi gadar da ya ga mutane na fatsa.

Gadar ta katako ce. An fara ta daga gaɓa, ta shiga ruwa kamar taku ɗari, ta tsaya ba ta ƙetara ko'ina ba. Kwale-kwale ke sauke kaya a gindinta, masu fatsa na zaune a kanta ƙafafu na reto. Cikin su akwai wani tsoho, Manu, mutumin Dungas, wanda ya shekara ashirin a kan katakon nan har Hausarsa ta fara ɗaukar gishiri. Da jin gaisuwar Inusa ya gane ɗan gida ne. Ya tambayi damina, ya tambayi mutane uku, aka ce duk sun rasu, ya yi musu addu'a, sannan ya leƙa gwangwanin Inusa ya ga tana.

Manu ya zubar da tanar a ruwa ba tare da neman izini ba. Ya ce kifin gishiri bai san tana ba, jatan lande yake ci, a ɓare shi a soke ta wutsiya. Ya ce a ɗaura dalma kamu ɗaya sama da ƙugiya, in ba haka ba ruwa zai kai zaren yawo. Kada a jefa nesa don burga, kifi na gindin ginshiƙai inda 'yan katantanwar ruwa ke manne. Kada a naɗe zare a yatsa, ya nuna masa nasa yatsan da ya rage rabi. In kifi mai ƙaya ya fito, a taka shi da takalmi kafin a taɓa. Inusa yana gyaɗa kai irin na mutumin da ake karanta wa Fatiha.

Daga ƙarshe Manu ya nuna masa baƙin zane a jikin ginshiƙi. Ya ce ruwan nan yana cika ya kai zanen, ya janye, sau biyu kowace rana, kuma kullum yana makara da kamar lokacin da mace za ta tuƙa tuwo. Kifi tare da ruwa yake shigowa, tare suke fita. Saboda haka a jefa lokacin da ruwa ke hawa. In ya fara sauka, a naɗe zare a tafi neman abin yi.

Inusa ya ce, "Lokacin da yake cika, Baba?"

"Shi ne."

"Wa ke buɗe shi?"

Manu ya dube shi ya ce wata ne ke buɗewa, kuma bai taɓa ji an kai masa fura ba.

Inusa ya karɓi jatan lande, ya karɓi dalma, ya karɓi maganar yatsa. Ta ƙarshen ce ya bari a kan gada. Yana da mace mai ciki a ɗaki, kuma ya san abin da ruwa ke karɓa. Ya ƙudurta a ransa cewa mutanen nan jahiltar abin suka yi, shi ya sa Allah ke musu rangwame, shi kuwa da ya sani ba ya da wannan uzuri. Bayan haka ma hankali ya nuna in ruwa ya ragu kifi zai taru wuri ɗaya. A Yekuwa ko yaro ya san wannan.

Haka ya zama mutum ɗaya tak a Ikko da ke zuwa fatsa lokacin da kowa ke tashi. Yakan tsaya a gaɓa yana kallon Yarbawa da Nufawa na fizgo kifi mai sheƙi kamar azurfa. In ruwa ya juya suka watse, sai ya hau gadar da bisimilla, ya zaɓi wuri mafi kyau, tunda duk wuraren nasa ne. Yana samun kaguwa. Ran nan ya sami wani kifi tsawon yatsa, ran nan ya jawo tsumma. Rannan kuma da ruwa ya janye sosai, laka ta fito baƙa ƙirin, zuciyarsa ta ce ga gida. Ya naɗe wando ya sauka da sanda yana neman ramin gaiwa. Ya haƙo kwalba uku, ta ukun a fashe, ita ce ta yanke shi a tafin ƙafa.

Manu ne ya ɗaure masa ƙafar. Yana ɗaurewa yana cewa, "Sarkin Ruwa, tabkin nan damina biyu yake yi a rana, rani biyu. In dokar babanka za ka bi, kullum shekara biyu kake yi, kuma ba ka ci kifi ko a ɗaya ba."

Inusa ya ce doka ba ta canja don mutum ya hau jirgi. Manu ya ce haka ne, ciki ma ba ya canjawa. Daga ranar yake jefa masa kifi ɗaya in ya samu da yawa. Inusa yakan karɓa, don doka ta hana kamawa ne, ba ta yi maganar kyauta ba. Sai dai Manu na da bakuna bakwai a gida, kuma ba kullum yake samu da yawa ba.

Kwana arba'in aka yi a haka. Uwani na jiƙa garin rogo da ruwa, in maƙwabciyarsu Daso ta tuna da ita ta miƙo miya a murfin kwano. Ciki na girma, wuya na ramewa. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta daina tambayarsa me ya samo in ya shigo, kuma wannan ya fi ƙorafin ciwo.

Ran Lahadi Mutari ya iso daga arewa. Ya dubi ƙanwarsa, ya buɗe tukunya ya rufe, ya zauna ya ba da labarin gida. Hannun gardi ya warke a karkace, kuma har yanzu gardin na zuwa Yekuwa yana tambayar lafiyar Inusa. Mace dai ba wanda ke nemanta. Goggo, mahaifiyarsu, ta ce a kawo mata 'yarta goyon ciki, kamar yadda ake wa kowace mai cikin fari. Ran Alhamis jirginsa zai tashi.

Inusa ya san goyon ciki, ya kuma san wannan ba shi ba ne. Wadda ta je goyon ciki mijinta ke zuwa suna, ya dawo da ita bayan wanka. Shi kuwa in ya taka Yekuwa, gidan kaso na Magariya ne masaukinsa. Macen da mijinta ba ya iya zuwa, shekara na zagayowa alƙali zai raba. Ya ce wa Mutari tafiyar ta yi nisa ga mai ciki. Mutari ya ce yunwa ta fi Kano nisa. Amma shi ba azzalumi ba ne: in ya ga tukunyar nan da kifin da Inusa ya kama da hannunsa kwana uku a jere, zai tafi shi kaɗai ya san abin da zai gaya wa Goggo.

Da Mutari ya fita kasuwa, Inusa ya zauna bakin ƙofa yana gyaran ƙugiyar da ba abin da ya same ta. Ya gaya wa Uwani abin da bai taɓa gaya mata ba, cewa kifi na nan, lokacin kama shi ne haramtacce, kuma saboda abin da ke cikinta yake jira.

"Malam," ta ce, "ruwan nan bai san gidanmu ba. Yunwa ce ta sani."

Ran Litinin ya je da niyya. Ya tsaya a gaɓa har ruwa ya kai zane ya juya, bai iya ɗaga ƙafa ba. Ran Talata ya hau gadar, ya soke jatan lande, ya riƙe zaren a hannu yana karanta duk abin da ya haddace, har Manu ya ce in ya gama sauke Alƙur'anin ya sanar da kifi. Bai jefa ba. Ran Laraba da hantsi ya zauna kusa da Manu, ya rufe ido, ya saki dalma a gindin ginshiƙi.

Ba a yi tsawa ba. Jirgin Turawa na can na hayaƙi, wata mata na tallan dafaffiyar masara. Zare ya motsa, ya fizga, kifi ya taso yana fisge-fisge, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Kafin ruwa ya kai zane ya kama biyar. Manu ya ce madalla, ya ce da ma hannunsa na masunta ne, kan ne na Yekuwa. Inusa bai yi dariya ba. Yana kallon kifin a kan katako yana tuna kwana arba'in ɗin da ya yi a gaɓa.

Mutari ya ɗaga kifin ɗaya bayan ɗaya, ya yaba, ya ce wallahi suruki an iya. Sannan ya ce shi uku ya faɗa, wannan ɗaya ce, kuma tun jiya ya yanki tikiti biyu. Inusa ya ce gobe ma zai kamo, jibi ma. Mutari ya ce ya yarda, sai dai gobe suna cikin jirgi. Inusa ya juya wurin Uwani. Ta riga ta ɗauki wuƙa tana kankare ɓawo, kanta a sunkuye. Ta ari mai wurin Daso ta soya su tas. Ta ajiye masa ɗaya a kwano, huɗun ta barbaɗa musu yaji ta naɗe a ganye, ta cusa cikin ƙunshin kayanta, don kwana biyu ne zuwa Kano kuma mai ciki ba ta tafiya ba guzuri.

Ran Alhamis ya ɗaukar mata ƙunshin har tasha, yana ɗingishi. Ta taga ta ce ya riƙa shan magani saboda tarin. Ya ce ta gaida Goggo, ta gaida babansa, kada kuma ta gaya wa tsohon lokacin da aka kama kifin. Ta ce to. Mutari ya ce sai bayan kaka zai dawo, a lokacin zai zo da labarin abin da aka samu. Jirgi ya yi kuka ya ja.

Sai bayan azahar ya isa gada. Ruwan hantsi ya riga ya zo ya tafi, laka ta fara fitowa, Manu na naɗe zare. Ya tambaya ko sun tashi, Inusa ya ce sun tashi. Ya zauna ya tambayi tsohon, a shekara ashirin ɗin nan da yake jefawa lokacin cika, 'ya'ya nawa ya binne.

Manu ya ce huɗu.

"Saboda ruwan ne?"

Manu ya ce bai sani ba. Wansa da bai taɓa barin Dungas ba ya binne shida. Ya saɓa gwangwaninsa, ya ce ruwa ba zai dawo ba sai dab da magariba, in Inusa na da wurin zuwa ya je. Inusa ya ce zai jira a nan.